Auren Mutum Biyu Irin Na Sikotilan: Doka, Tufafi Da Ruwan Sama

Sharhinmu na yau zai kai mu arewacin tsibirin Birtaniya, ƙasar Sikotilan, inda wani salon aure ya zama kasuwa mai zaman kanta. Ango da amarya su kaɗai, sai shaidu biyu, da mai ɗaura aure, da mai hoto, a gindin dutse ko a bakin tafki. Babu zauren biki, babu katin gayyata, babu ɗaruruwan baƙi. Masoya daga Amurka, Kanada, Jamus da Ostireliya kan hau jirgi takanas domin wannan, waɗanda ba su samu zuwa ba kuma su kwaikwayi salon a ƙasashensu. To, me ya sa Sikotilan? Kuma mene ne ke mai da irin wannan aure ya zama na Sikotilan da gaske?

Amsar ta fara ne daga wata doka. A shekarar 1753 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar aure wadda ake kira da sunan Lord Hardwicke, ta fara aiki a watan Maris na 1754. Dokar ta wajabta a ɗaura aure a coci bayan sanarwa ko lasisi, kuma ta ba iyaye ikon hana auren duk wanda bai kai shekara 21 ba. Sai dai ikonta ya tsaya a Ingila da Wales. A Sikotilan, wadda ta riƙe tsarin shari'arta daban ko bayan haɗewarta da Ingila a 1707, yaro ɗan shekara 14 da yarinya 'yar shekara 12 suna iya aure ba da izinin kowa ba. Abin da ake bukata kawai shi ne su furta a gaban shaidu biyu cewa sun amince da juna a matsayin miji da mata.

Ƙauyen farko da matafiyi daga Landan zai tarar in ya tsallake iyaka ta wajen Carlisle shi ne Gretna Green. Da aka gyara hanyar keken doki a shekarun 1770, ƙauyen ya zama mafakar masoyan da iyaye suka hana. Tunda doka ba ta ce sai limamin coci ba, kowa na iya tsayawa ya jagoranci furucin, masunci ne ko masaƙi ko mai masauki. Amma maƙeri ne tarihi ya fi tunawa, domin maƙerar tana daidai mararrabar hanya. Masoya su ɗora hannu a kan uwar maƙera, mai ɗaurin ya buga guduma, shi ke nan an gama.

Manyan mutane ma sun bi wannan hanya. A 1782 John Fane, mai sarautar Westmorland, ya gudu da Sarah Anne Child, 'yar wani hamshaƙin mai banki a Landan. Uban ya bi su a keken doki bai cim musu ba, ya huce haushinsa a wasiyya: ya tsara ta yadda dukiyarsa za ta tsallake magajin sarautar Westmorland, ta faɗa hannun jikarsa mace. A 1818 kuma Lord Erskine, wanda ya taɓa riƙe babban muƙamin shari'a na ƙasar, ya je Gretna ya auri mai kula masa da gida, a ɓoye daga 'ya'yansa da ba su so.

Ba duka labaran ba ne na soyayya. A 1826 Edward Gibbon Wakefield ya yaudari Ellen Turner, 'yar shekara 15 mai jiran gadon dukiya, ya ɗauko ta daga makaranta a Liverpool da saƙon ƙarya cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, ya kai ta Gretna ya aure ta, ya tsallaka da ita Faransa. Danginta suka riske su a Calais. Kotu ta ɗaure shi shekara 3, majalisa ta warware auren a 1827. Irin wannan ta'asa ta ƙara wa masu sukar auren Gretna ƙarfi, har a 1856 aka kafa sharaɗin cewa ɗaya daga cikin ma'auratan sai ya zauna kwana 21 a Sikotilan kafin ɗaurin aure. A 1929 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun aure zuwa 16. A 1940 aka soke auren furuci baki ɗaya, kuma Richard Rennison, na ƙarshe cikin masu ɗaura aure a maƙerar, ya ajiye guduma bayan ya haɗa aure 5,147. Sharaɗin kwana 21 ya faɗi a 1977, kuma har yau Gretna na karɓar dubban ma'aurata a kowace shekara.

Masu zuwa a yau, yawancinsu ba iyaye suke gudu ba. Abin da suke gudu shi ne tsadar biki, da rigimar wa za a gayyata wa za a bari, da watannin shirye-shirye. Da yawa iyayensu sun sani, sun sa albarka, wasu ma iyayen ne shaidun. Annobar korona ta ƙara wa salon farin jini: a farkon 2021 dokar kulle a Sikotilan ta taƙaita mahalarta ɗaurin aure zuwa mutum 5, wato ma'auratan, shaidu biyu da mai ɗaurawa. Mutane suka ga hotunan irin waɗannan aure, suka gane ƙaramin taro ma yana da nasa armashin.

Abin da ya bambanta Sikotilan a yau shi ma doka ce. A Ingila, wurin da za a ɗaura auren shi ake ba izini. A Sikotilan kuwa, mutumin da zai ɗaura shi ne ke riƙe da izinin, saboda haka zai iya yin aikinsa a kan dutse, a cikin daji, ko a gaɓar teku. Wannan mutum zai iya kasancewa jami'in rajista na gwamnati, ko limamin coci, ko limamin masallaci da hukuma ta amince da shi, ko kuma wakilin ƙungiyoyin da ba sa bin addini, waɗanda aka halatta aurensu tun 2005. Ga Musulmi, sharuɗɗan waliyyi da sadaki da shaidu suna nan daram. Ƙanƙantar taro ba ta taɓa su ba, dokar ƙasar kuma ba ta hana a cika su ba.

Takardu su ne matakin farko na shiri, kafin a yi maganar riga ko fure. Kowanne daga cikin ma'auratan zai cike fom ɗin sanarwar aure mai lamba M10, ya aika wa ofishin rajista na yankin da za a yi auren, cikin wata 3 kafin ranar, kuma kada ya gaza kwana 29. Shaidu biyu dole su kai shekara 16. Sau da yawa mai hoto da mai busa algaita su ne ke zama shaidun, in ma'auratan ba su zo da kowa ba. Wanda ya fito daga wata ƙasa yana bukatar bizar baƙo mai zuwa aure, bizar yawon buɗe ido ba ta isa ba. Wanda kuma zai kwaikwayi salon a Amurka ko Kanada, dokar wurin da yake ita ce za ta yi aiki a kansa.

Sai zaɓen wuri, wanda shi ne rabin adon. Kwarin Glencoe, mai duwatsu uku a jere da ake kira 'yan'uwa mata uku, yana cikin wuraren da aka fi so. Wuri ne mai nauyin tarihi, domin a nan ne sojojin gwamnati suka kashe mutanen zuriyar MacDonald a watan Fabrairun 1692, bayan sun kwana suna cin abincinsu a matsayin baƙi. Akwai tsibirin Skye, da tsaunin Quiraing da dogon dutsen nan na Storr, wanda sai an yi kusan awa guda ana hawa kafin a kai gindinsa. Akwai gidan sarauta na Eilean Donan a mahaɗar tafkuna uku, wanda aka rushe a 1719, aka sake gina shi tsakanin 1912 da 1932. Mai son birni kuma yana da tsohon garin Edinburgh da lungunansa na dutse. Dokar 2003 ta ba kowa damar yawo a mafi yawan filayen ƙasar, amma ɗaura aure a filin wani yana bukatar a nemi izinin mai shi, kuma babban ɓangaren Glencoe yana hannun hukumar National Trust for Scotland.

Wanda ya zaɓi waɗannan wurare ya zaɓi yanayinsu. Wasu duwatsun yammacin Sikotilan kan sha ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, alhali Edinburgh a gabas ba ta wuce kimanin 700 ba. Iska na iya tashi cikin minti kaɗan ta yi awon gaba da mayafin amarya. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba akwai wasu ƙwari 'yan mitsi-mitsi masu cizo, da ke fitowa dandazo da safe da yamma in iska ta kwanta, kuma sun sha mai da zaman hoto ya koma na susa. Tsawon yini ma abin lura ne: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara. Shi ya sa masu hoton da suka san ƙasar kan ba da shawarar Afrilu, farkon Mayu ko Oktoba, kuma a fita da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika ƙananan hanyoyin Skye, waɗanda da yawansu mota ɗaya kawai suke ci.

Yanayin ne ke yanke hukunci a kan tufafin amarya. Riga mai dogon jela da takalmi mai tsini ba sa jituwa da laka. Amaren da suka yi shiri kan sa takalmin hawan dutse a ƙarƙashin farar riga, da dogon wando mai ɗumi da ba a gani, sannan su yafa mayafin ulu. Wasu kan zaɓi Harris Tweed, saƙar ulu wadda dokar 1993 ta ce ba za ta amsa wannan suna ba sai an saƙa ta da hannu a gidajen mazauna tsibiran Outer Hebrides. Yadi mai sauƙi da iska ke iya kaɗawa ya fi fitowa a hoto, gashi kuma a ɗaure shi tsaf.

Adon ango shi ne wanda duniya ta fi sani. Kilt, wannan siket na maza mai ninki-ninki a baya, yakan ci yadi 8 na ulu in na gaske ne, kuma yana tsayawa daidai tsakiyar gwiwa. Tunda ba shi da aljihu, ana rataya jakar fata ko ta gashi a gaba. Akwai doguwar safa, da takalmi mai dogon igiya da ake naɗewa a idon sawu, da 'yar wuƙa da ake sokewa a bakin safa. Mai tafiya a jirgi ya sa wuƙar nan a babbar jaka, don jami'an tsaro ba za su bar ta a kayan hannu ba. Rigar sama iri biyu ce aka fi sani: Prince Charlie mai maɓallan azurfa ta bikin dare, da Argyll ta rana. A kan dutse, ta tweed mai ruwan ƙasa ko toka ta fi dacewa. Yawancin anguna haya suke ɗauka, kuma shagunan haya a Glasgow, Edinburgh da Inverness sun saba da baƙi.

Sai zanen da ke jikin yadin, wato tartan, mai layuka a tsaye da a kwance kamar gidan dara. Masu sayarwa kan ce kowace zuriya tana da nata tun kaka da kakanni. Tarihi ya ɗan sha bamban da wannan talla. A da, launin ya dogara ne da masaƙin yankin da rinin da yake samu. Bayan yaƙin Culloden a 1746, gwamnati ta haramta wa mazan tsaunuka sa kayan gargajiyarsu, da hukuncin ɗaurin wata 6 a karon farko, kuma ba a janye haramcin ba sai 1782. Danganta kowane zane da zuriya ya bunƙasa ne a ƙarni na 19. Masaƙar Wilson ta garin Bannockburn tana da zane-zane masu lamba, daga baya aka riƙa laƙaba musu sunayen zuriya. A 1822 marubuci Walter Scott ya shirya ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Edinburgh, ya nemi shugabannin zuriya su zo cikin kayansu, sarkin kansa ya fito da kilt da matsattsen wando mai ruwan hoda a ƙarƙashi. A 1842 wasu 'yan'uwa biyu masu kiran kansu Sobieski Stuart suka buga littafin zane-zanen zuriya da suka ce daga tsohon rubutu suka kwafo, aka gano ƙirƙira ce, amma da yawa daga zanen nasu har yau ana sawa. Sarauniya Victoria da mijinta Albert suka sayi Balmoral a 1852, suka lulluɓe ɗakunansa da tartan, sai abin ya zama yayi.

Wannan tarihi sauƙi ne ga baƙo. Babu dokar da ta hana wanda ba ɗan zuriya ba sa tartan. Akwai na kowa da kowa, kamar Black Watch mai kore da shuɗi da baƙi, da Royal Stewart mai ja. Na Balmoral ne aka keɓe wa gidan sarauta. Tun 2009 akwai rajistar tartan ta hukuma, inda kowa zai iya yin rajistar sabon zane in ya biya kuɗi, kuma wasu ma'aurata kan tsara nasu. A 2012 aka ƙaddamar da tartan na Musulmin Sikotilan bisa jagorancin Dakta Azeem Ibrahim: shuɗi na tutar ƙasar, kore na Musulunci, fararen layuka 5 na shikashikan Musulunci, layukan zinare 6 na rukunan imani, da baƙin murabba'i mai nuni da Ka'aba.

Kuskuren da masu kwaikwayo suka fi yi shi ne cika wuri da tartan: a teburi, a kek, a kati, a wuyan kare. Masu shirya irin wannan aure a can kan zaɓi zane ɗaya, su bar shi ya fito sau biyu ko uku. Yana jikin ango, yana ɗaure da furen amarya, sannan ya bayyana a ƙarshen ɗaurin aure, lokacin da ango ko mahaifiyarsa ke maƙala wa amarya gyalen zuriyarsu a kafaɗa, alamar an karɓe ta cikin dangi. Abin maƙalawar sau da yawa shi ne Luckenbooth, ƙaramin ado na azurfa mai siffar zuciya biyu da kambi a sama, wanda ya samo suna daga rumfunan 'yan kasuwa da ke kusa da cocin St Giles a Edinburgh har zuwa 1817.

Furanni ma daga ƙasar ake ɗauko su. Akwai ƙayar nan mai fure ruwan shunayya wadda ita ce tambarin Sikotilan, da ciyawar heather da ke rine tsaunuka a Agusta da Satumba. Farar heather ba ta da yawa a daji, kuma ana ɗaukarta alamar sa'a, saboda haka ake soka reshenta a furen amarya ko a ƙirjin ango. Wanda ke wata ƙasa zai iya amfani da busasshiyarta, ya haɗa da ganyen daji na inda yake.

A cikin ɗaurin auren kansa, al'adu biyu ne suka fi fitowa. Na farko ɗaure hannu: mai ɗaurawa ya naɗe hannayen ma'auratan da ƙyallen tartan ko igiya yayin da suke alkawari. A tsohon zamani haɗa hannu alama ce ta baiko, naɗe shi da ƙyalle a wurin aure kuwa ya yaɗu ne a 'yan shekarun nan, kuma fim ɗin Braveheart na 1995 da shirin talabijin na Outlander da ya fara a 2014 sun taimaka. Na biyu shi ne quaich, ɗan kofi mai faɗi da kunne biyu, na katako ko azurfa, wanda ango da amarya ke sha daga cikinsa bi da bi. Riƙe shi da hannu biyu na nuna mai sha bai ɓoye makami ba. A al'ada giyar wiski ake zubawa, amma waɗanda ba sa shan giya kan zuba shayi, ruwa, ko lemun Irn-Bru da 'yan ƙasar ke ji da shi.

Ba a rasa mai busa. Algaitar Sikotilan mai jakar iska, wadda masu kallon faretin sojojin Najeriya suka san amonta, an yi ta ne don fili, kuma a cikin kwari sautinta kan kai nesa ƙwarai. Mai busa ɗaya ya wadatar, ya rako amarya zuwa wurin, ya raka ma'auratan in an gama. Wani abin sha'awa, taken Highland Cathedral da aka fi nema a bukukuwan aure, Jamusawa biyu ne suka tsara shi a 1982, Ulrich Roever da Michael Korb.

Abinci ba ya bukatar tukunyar taro. Wasu kan shimfiɗa bargon ulu a kan ciyawa, da shayi a flas, da biskit ɗin man shanu na shortbread, da kifin salmon mai hayaƙi. Wasu su kama tebur a ƙaramin masauki, su ci haggis, wato kayan cikin tunkiya da aka niƙa da hatsin oat da yaji, wanda yanzu ake samun na halal da na ganye zalla. A rufe da cranachan, haɗin kirim da zuma da soyayyen oat da jajayen 'ya'yan itace.

Bayan an gama, saura aiki ɗaya. Ma'auratan, shaidu biyu da mai ɗaurawa za su sa hannu a takardar aure da baƙar tawada wadda ba ta gogewa, kuma in ba jami'in rajista ne ya ɗaura ba, dole a mai da takardar ofishinsa cikin kwana 3. Sai an yi haka auren zai shiga kundin hukuma, a samu takardar shaidar da za a nuna a gida.

Dangin da ba su je ba kuma ba a bar su haka nan ba. Ma'aurata da yawa kan shirya walima bayan makonni, a nuna hotuna, a kira makaɗan goge da akodiyon su yi rawar ceilidh, wadda ake yi a jere ko a da'ira, da mai kira yana faɗa wa kowa inda zai sa ƙafa. Raye-raye irin su Gay Gordons da Strip the Willow ba sa bukatar gwaninta, kaka da jika duk suna shiga, kuma a nan ne gwaggon da ta yi fushin ba a gayyace ta kan dutse ba takan samu wanda zai ja ta fili.